Maganin da Ya Rufe Bakin Baba Ɗayyabu

Wata huɗu da rasuwar matarsa Saratu, Baba Ɗayyabu ya fashe da kuka a bakin famfo, da sassafe, a gaban matan gidan kaf. Ba wanda ya yi masa komai. Buta ya zo cikawa, ruwan na zuba, sai kawai ya ji ƙirjinsa ya tsage. Ya zame ya zauna a kan siminti, butar ta cika ta tumbatsa tana jiƙa masa wando, shi kuwa yana kuka da sauti, kafaɗunsa na rawa, gemunsa fari fat ya jiƙe sharkaf.

Gidan haya ne irin na unguwar Agege, ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, doguwar baranda a tsakiya, Hausawa da Yarabawa da mutanen Filato kowa da risho a bakin ƙofa. A irin wannan gida ba a ɓoye tari, balle kukan dattijo. Kafin hantsi labari ya fita bakin titi, kafin azahar ya isa kasuwar Mile 12, inda ɗansa Ridwanu ke sayar da albasa a rumfar da uban ya kafa.

Ba wannan ne na farko ba. Tun bayan sadakar arba'in Baba ya daina zuwa kasuwa. Abinci sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Rediyonsa da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura a kan taga. In an gaishe shi sai ya amsa, in an tambaye shi lafiya sai ya ce, "Ni dai na gaji," hawaye su biyo baya.

Chundung ce ta fara kiran abin da sunansa. 'Yar Filato ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin gwamnati, ɗakinta na kallon na Baba. Ta tare Ridwanu a baranda da yamma, yana dawowa yana warin albasa.

"Oga Ridwanu, wannan abu na Baba ciwo ne. Ciwon damuwa. Yana da magani."

"Wane irin ciwo? Rashin haƙuri ne kawai. Shi kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Ni ba uwata ba ce?"

"Ka kai shi dai. Ranar Talata ina aiki, ni zan shigar da ku."

Ya kai shi, don ya huta da nacinta. Likitar Bayarbiya ce, doguwa, mai tabarau. Da ta ji Baba na jin Yarabanci kamar haifaffen gari sai ta ajiye biro ta fuskance shi. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi cin abinci. Ta tambaye shi ko yana jin wasu muryoyi da sauran mutane ba sa ji, ko yana ganin abin da babu shi, ko yana jin ana bin sa da sharri.

"A'a, 'yata," in ji Baba. "Ba na jin kowa. Shirun ne ma ya yi mini yawa."

Ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ta juya wajen Ridwanu ta ce maganin ba ya aiki nan take, sai ya ɗauki sati huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga haske. Kada a daina, kada a ƙara masa wani magani ba da saninta ba, a dawo da shi bayan sati uku.

Baba ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Kullum da safe shi da kansa zai ɓallo ƙwayar ya kora da ruwa, ya yi bisimilla. Kukan bai tsaya ba, amma a karo na farko tun rasuwar ya samu abin da yake jira.

A kwana na goma sha biyu aka yi suna a gidan shugaban 'yan albasa, Ridwanu ya matsa sai Baba ya je, don a ga ya warke. Lokacin ana maganar ba Ridwanu muƙamin sakataren ƙungiyar 'yan albasa, yana son a ga gidansa lafiya lau. Aka shimfiɗa tabarmi a titi, manyan kasuwa sun hallara, liman ya ɗaga hannu yana addu'a. Da ya zo kan "Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu," sai Baba ya kife fuska a gwiwa ya ɓarke da kuka. Addu'a ta tsaya. Wani daga baya ya ce, ba ma a hankali ba, "Ashe da gaske ne tsohon ya taɓu."

Ridwanu bai yi masa magana ba har suka sauka daga keke a ƙofar gida. Washegari ya shigo ɗakin Baba da Shitu mai kemis, wanda shagonsa ke kan kwanar layin. Shitu bai taɓa karatun magani ba, a shagon maigidansa ya koya, amma rabin unguwa dokta suke kiran sa. Ya ɗauki kwalin maganin Baba ya juya shi, ya taɓe baki.

"Wannan ai na masu kuɗi ne da ba su da aikin yi. Sai ka shekara kana sha." Ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu, ƙwayoyi a ciki ba kwali ba takarda. "Ga wanda ke aiki. Wannan ko wanda ke tsince-tsince a ƙarƙashin gada ka ba shi, yau ɗin nan zai kwanta."

"Ni ba na tsince-tsince," in ji Baba.

Ba wanda ya kalle shi. A kansa suke magana, kamar buhu ne aka ajiye a tsakaninsu.

"Ba matsala a canza?" Ridwanu ya tambaya.

"Haba oga, duk ba na ƙwaƙwalwa ba ne? Wancan ƙarami ne, wannan babba. Shi ke nan bambancin."

"Ridwanu," Baba ya ce, "likita ta ce kada a ƙara mini komai. Ta ce in jira sati huɗu. Yau sha uku."

"Baba, kai kana da sati huɗun jira. Ni ba ni da shi. Ka san abin da ake faɗa a kasuwa?"

Baba ya ce ba zai sha ba. Ridwanu bai ja da shi ba, ya ɗauki kwalin maganin asibitin ya sa a aljihu, ya ce zai ajiye masa. Suka fita.

Da safe Mouna, matar Ridwanu, ta kawo koko. 'Yar Maraɗi ce, mai kunya, ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. Ta durƙusa ta ajiye kofin ta fita da sauri fiye da kullum. Baba ya kurɓa, ya ji wani ɗaci a can ƙasan sukarin. Ya kira ta.

"Mouna, me aka sa a kokon nan?"

"Gasarar ce ta kwana, Baba," ta amsa daga bayan labule.

Yunwa yake ji, kuma bai taɓa tunanin za a yi masa haka a ɗakinsa ba. Ya shanye.

Bai farka ba sai bayan la'asar. Azahar ta wuce shi, shi da bai taɓa barin salla ta kuɓuce masa ba ko a ranar saukar manyan motocin albasa. Harshensa ya yi nauyi kamar an cusa masa tsumma a baki. Ya yunƙura zai tashi, ɗakin ya juya, ya koma ya zauna. A baranda ya ji muryar Ridwanu, da fara'a a cikinta.

"Kin gani? Yau ko ƙwalla bai yi ba."

"Amma Baban Humaira," in ji Mouna, "tun safe yake barci."

"Barcin ai shi ne lafiyar. Hutawa yake yi."

Daga ranar kowane koko da ɗacinsa. Da Baba ya daina shan koko, sai ɗacin ya koma shayi. Da ya daina shan shayi, ya koma miya. Ya gwada kwana ɗaya da yini bai ci komai ba, sai Ridwanu ya zo da kansa ya zauna a gabansa da kwano, ya ce ba zai tashi ba sai ya ci, ko so yake a ce ya bar ubansa da yunwa? Baba ya kalli ɗan da ya goya a wuyansa, ya buɗe baki.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Baba ya tuna da ita, ya yi ta haɗa kalmomin a ransa tun safe, da Ridwanu ya leƙo ya ce, "Asi... biti." Ridwanu ya ce motar albasa uku ke hanya daga Sakkwato, wa zai tsaya a kansu? Kuma me za a je a yi, tunda ga sauƙi ya samu?

Chundung ba ta nan. Mahaifiyarta ta kwanta ciwo a gida, ta ɗauki hutu ta tafi kwana biyu kafin sunan. Ɗakinta da kwaɗo, Baba na kallon kwaɗon ta tsagar labule.

Sati na biyu hannuwansa suka fara rawa. Yatsunsa na murza juna kamar yana jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Wuyansa ya sandare, in zai waiwaya sai ya juya da dukan jikinsa. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, taku ƙanana ƙanana, ya sunkuya gaba kamar zai kife. Fuskarsa ta daskare, ba murmushi, ba ɗaure fuska, ko ƙifta ido sai jefi-jefi. Miyau ya fara zubo masa ta gefen baki, yana jin sa yana gangarowa cikin gemu, hannun da zai share kuwa sai ya yi minti kafin ya iso.

Abin da ba wanda ya gani shi ne, a ciki babu abin da ya ragu. Baƙin cikin na nan inda yake, ya ma ƙara nauyi, ƙofar fitarsa kawai aka toshe. Kukan zai taso daga cikinsa ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ga wani sabon abu kuma da bai san shi ba a da: cikin ƙafafunsa kamar an zuba tururuwa, suna ce masa tashi, tashi, yi tafiya, jikin kuma ya ƙi. Sai ya zauna a bakin katifa yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa, yana ɗagawa yana ajiyewa, daga hantsi har rana ta karkata. Yana jin komai. Yana jin mai agidi tana talla a waje, yana jin kwandastan motar danfo na kiran fasinjan Iyana Ipaja, yana jin ladan, yana jin matan gida suna yabon ɗansa.

"Ridwanu ya yi ƙoƙari. Ka ji gidan tsit."

"Fele Baba, sannu, jiki ya yi sauƙi ko?" in ji matar mai gidan, tana leƙowa. Kafin ya tattaro "a'a" daga inda take, har ta ce "Mun gode Allah" ta wuce.

Da miyau ya yi yawa, Ridwanu ya ce kada a ƙara barin sa zama a baranda, mutane na wucewa. Aka mayar da kujerarsa ciki. Masallaci ma aka ce ya yi a ɗaki, Allah ya san larura. Humaira, jikarsa 'yar shekara uku da ke hawa cinyarsa tana jan gemunsa, ta leƙo rannan ta ga fuskar da ba ta motsi, ta kwasa da gudu tana ihu. Daga nan aka fara janyo ƙofar ɗakin, don yarinya.

Wata rana da hantsi Mouna ta shigo share ɗaki. Baba ya tattara duk ƙarfinsa ya kama bakin zaninta. Ta tsaya cak.

"Ki... daina."

Ta durƙusa, idonta a ƙasa. "Baba, ni umarni aka ba ni. In ban sa ba ya gane, ni zai tasa a gaba. Kuma ya ce maganin likita ne, lokotoro ne ya ba da shi."

"Shitu... ba..."

"Ni ban san waɗannan abubuwa ba, Baba. Ka yafe ni."

Ta zare zaninta a hankali. Da rana ta kawo tuwo, miyar da ɗacinta.

Aka ba Ridwanu sakatare. Ya shigo da sabuwar shadda ya faɗa wa Baba, ya ce albarkacin addu'arsa ce. Ya ɗauki tsumma ya goge masa baki da hannunsa, a hankali, da tausayi na gaske a fuskarsa. Wannan ya fi komai ci wa Baba rai. Yaron ba ƙin sa yake yi ba. Ya dai sami hanyar son sa da ba ta da wahala.

Sati bakwai Chundung ta yi. Ran da ta dawo, ko jakarta ba ta shigar ba ta tambayi Baba, aka nuna mata ƙofar da ke rufe. Ta tura ta shiga da sallama. Murmushin da ta shigo da shi ya mutu a fuskarta. Ta durƙusa ta kama hannunsa, ta lanƙwasa gwiwar hannun ta miƙe, ta ji yana tafiya da ƙyar, ƙyat-ƙyat-ƙyat, kamar tsohon ƙarfe.

"Yesu! Baba, me suke ba ka?"

Idanunsa kawai ya iya juyawa wajen kwanon da ke ƙasa.

Ta fita ta tsare Mouna a bakin risho har sai da ta ɗauko ƙullin ledar daga cikin kwalla. Da Ridwanu ya dawo ya tarar da ita tsaye a ƙofarsa, ledar a hannu.

"Oga Ridwanu, ina maganin da likita ta rubuta?"

"Bai yi aiki ba, mun canza."

"Wa ya canza? Ka san mene ne wannan? Wannan na masu jin muryoyi ne, masu ganin abin da babu. Baba bai taɓa jin murya ba. Baƙin ciki ke damun sa. Ciwo biyu ne daban, magani biyu daban. Kamar mai ciwon suga ne ka ɗura masa maganin tarin fuka."

"Kuka yake yi, yanzu ya daina. Ni abin da idona ya gani ke nan."

"Ya daina ne ko ya kasa? Ka duba hannunsa! Ka duba tafiyarsa! Tsoho ne fa, wannan magani yana saukar da jini in ya miƙe. Zai faɗi, wallahi zai faɗi. Gobe ka kawo shi."

Ƙofofi sun fara buɗewa, kawuna na leƙowa. Ridwanu ya ga idanun, fuskarsa ta canza. Ya fizge ledar.

"Malama, abeg, don Allah. Ubanki ne ko ubana? Ke kika haife shi? Ku da asibitinku kun yi naku bai yi ba. Mu mun san yadda muke riƙe iyayenmu. Kada in ƙara ganin ƙafarki a ɗakin nan."

Baba na ji daga ciki. Ya so ya buga ƙofa, ya so ya ce ita ce mai gaskiya. Kafin ya sauko da ƙafa ɗaya daga katifa, an gama, kowa ya koma ɗakinsa.

Kwana huɗu bayan haka, ranar Alhamis da azahar, ya ja ƙafa zuwa bayi don ya kama ruwa. Bayin gidan can ƙarshen baranda yake, simintinsa kore da gansakuka. Ya tsuguna, ya gama, ya dafa bango ya miƙe. Duhu ya rufe masa ido. Ya san faɗuwa zai yi, ya ce wa hannuwansa su tare, hannuwan ba su ji ba. Ya tafi gaba ɗayansa kamar icce, ƙugunsa ya daki bakin dakalin. Ya ji ƙarar ƙashin a cikin kunnensa.

Ihu ya yi, amma abin da ya fito bai fi nishi ba. Yana nan kwance cikin ruwan sabulu, kumatunsa a kan siminti, yana kallon ƙafafun mutane ta ƙasan ƙofar kwano suna zuwa suna ƙwanƙwasawa suna komawa da tsaki. Sai da aka kira la'asar wata mata ta gaji da jira ta leƙa ta sama.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye. Chundung ta je ta kira likitar mai tabarau har gadonsa, ta sa Mouna ta miƙa mata ragowar ƙwayoyin. Likitar ta juya su a tafin hannu, ta tambayi nawa ake ba shi. Mouna ta ce biyu da safe, biyu da rana, in ya yi motsi da yawa a ƙara ɗaya. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana kallon Ridwanu.

"Wannan magani ba mugu ba ne," ta ce. "Akwai mutanen da shi ya dawo da su cikin iyalinsu. Wanda tunaninsa ya rikice, yake jin ana yi masa magana ba kowa, yake ganin maƙiya a ko'ina, wannan ke kwantar masa da rikicin. Shi ma da awo muke ba shi, muna dubawa. Wani lokaci mukan haɗa irin wannan da na damuwa, amma mu ke yanke hakan, bayan mun ga mutum. Mahaifinka tunaninsa garau yake. Zuciyarsa ce ta faɗi ƙasa, na ba shi abin da zai ɗago ta a hankali. Kai ka ɗauke mai ɗagowar, ka ba shi mai dannewa, ninki a kan ninki."

"Mai kemis ya ce duk na ƙwaƙwalwa ne."

"Ido ma a kai yake, haƙori ma a kai yake. Kana ɗiga maganin ido a haƙori?"

"Dokta, ni alheri na nufa. Ba ki ga yadda yake kuka a gaban mutane ba."

"Ka tambaye shi yana so?"

Ridwanu ya kawar da kai.

Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Likitan ƙashi ya ce a shekarunsa, da yadda jikin ya zube, ba lallai ya sake taka ƙasa da kansa ba. Aka janye ƙwayar Shitu, aka mayar da shi kan ta farko. Sannu a hankali wuyan ya saki, miyau ya tsaya, rawar hannun ta ragu ko da yake ba ta tafi duka ba. Ranar da kuka ya dawo masa, yana kan gadon asibiti, ya yi shi har ya gode wa Allah, ma'aikaciyar da ke kusa ba ta ce masa komai ba sai ruwa da ta miƙo masa. Bayan wata guda kukan ya ja baya da kansa. Ya nemi a kawo masa rediyonsa. Ya ce yana sha'awar dambun nama. Maganin ya yi aikinsa daidai lokacin da aka ce zai yi, sai dai ya tarar da mutumin da ba shi da ƙafa.

Aka dawo da shi ɗakinsa na Agege, kan katifar nan, fo a ƙarƙashin kujera. Waɗanda suka yi masa wannan aiki su ne ke juya shi, su ke yi masa wanka, su ke ba shi abinci. Ba shi da wasu.

Wata Lahadi da yamma 'yan ƙungiyar albasa suka zo dubiya, su biyar, suka cika ɗakin da manyan riguna da ledar lemo. Shugaba ya tambayi yadda abin ya faru.

"Tsufa ne," in ji Ridwanu. "Santsi ya kwashe shi a bayi."

"Ba tsufa ba ne."

Duk suka juyo. Muryar Baba a dishe take, amma kowace kalma ta fito da ƙafarta.

"Ciwon damuwa na yi, likita ta ba ni magani. Ɗana ya ɗauke, ya sayo na masu ruɗewar hankali a kemis, aka riƙa zuba mini a abinci sati bakwai. Na ce ba na so. Ina ji ina gani jikina ya mutu. Shi ya kayar da ni."

Ridwanu ya sunkuyar da kai. Shugaba ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"To, Baba, sai haƙuri. Yaro ai neman lafiyarka ya yi. Wani ɗan ma ko kemis ɗin ba zai je ba."

"Ƙaddara ce," wani ya ce. "Abin da Allah ya rubuta."

"Kuma ka ga bai gudu ya bar ka ba. Ka sa masa albarka kawai."

Aka shafa fatiha, aka miƙe. Ba wanda ya tambayi sunan mai kemis don a kai ƙararsa. Ba wanda ya tambayi Baba yadda sati bakwai ɗin nan suka kasance.

Suna fita, ɗayansu, Idrissa, ya ja Ridwanu gefe, daidai tagar ɗakin. Ya rage murya, amma tagar ba gilashi, waya ce kawai.

"Sakatare, wannan maganin da ya faɗa, da gaske yana sa mutum ya yi shiru? Tsohuwata ce tun da ƙanena ya rasu ta hana mu sakat, kuka safe da rana. Ba da yawa zan ba ta ba. Rabi-rabi."

Baba ya daina numfashi yana jiran amsar ɗansa. Can Ridwanu ya ce, "Ni dai ba ruwana. Ban ce ka saya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Shagon na kan kwana."

"Idrissa!" Baba ya kira. Ya dafa katifa ya yunƙura, ƙarfen ƙugunsa ya soke shi har ƙwaƙwalwa. "Idrissa, kada ka ba ta! Ka kai ta asibiti!"

Daidai lokacin aka ɗauke wuta, maƙwabci ya ja janareto, ƙararsa ta cika gidan. Baba ya ci gaba da kira, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana faɗin abin da ya sani da jikinsa: cewa ba ɗaya ba ne, cewa mai kuka ba mahaukaci ba ne, cewa a jira sati huɗu. Ta wayar tagar ya hango farar rigar Idrissa ta fita ƙofar gida ta karya hagu, wajen kwanar Shitu.

Shagon Shitu na nan a buɗe har yau, da sabon fenti. A layin nan kaɗai akwai ɗakuna da yawa da ƙofarsu ke janye da rana tsaka, a ciki akwai tsoho ko tsohuwa, ko matar da ta rasa ɗa, suna zaune a bakin katifa suna ɗaga ƙafa suna ajiyewa. In ka tambayi mutanen gidan za su ce maka da sauƙi sosai, kwana biyu ko motsinsu ba a ji.

Mouna ta shigo ta tarar da Baba rabinsa a ƙasa, rabinsa a katifa, yana haki. Ta ɗago shi ta gyara masa matashi.

"Baba, me kake so?"

"Kira mini Chundung," ya ce. "Ki tambayo mini gidan su Idrissa. Ko a baro ne, a kai ni."

Ta ce to, bari Baban Humaira ya shigo ta faɗa masa. Ta fita, ta janyo ƙofar.